Ranar da Allura Ta Ƙi Shiga Bayan Duna

Ko da na tsufa na fara manta sunayen jikokina, ba zan manta da ranar da aka kawo mana Duna ba. Wata Laraba ce da hantsi, cikin rani, a shekarata ta farko da kama aikin likitan dabbobi a Kaura Namoda. Ku da kuke ganina yau kuna cewa Oga, to a lokacin takarda kawai gare ni. Aikin hannu yana wurin Malam Sani, babban jami'in lafiyar dabbobi na ɗan asibitinmu. A takarda ina gaba da shi, amma ya fara aiki tun ina firamare.

Wani tsoho ne ya sauko daga babur rungume da baƙin kare cikin bargo, Duna ke nan. Baba Nomau sunansa, mafarauci daga wajen Badarawa, lokacin daji bai lalace kamar yanzu ba. Mugun dawa ya tsarge wa karen cinyar baya da haure, tun daga ƙugu har kusa da gwiwa. Tsohon ko gaisuwa bai gama ba ya ce, "Likita, wanga kare shi ka ciyar da gidana. In ya gurgunce, ni ma na zauna ke nan."

Ɗinki ya zama dole. Matsalar ita ce Duna ya manyanta, ga wahalar hanya, mu kuma ba mu da injin iskar numfashi. In muka sa shi barci mai nauyi, yana iya zarcewa. Sai na yanke shawarar yi masa allurar gadon baya, wadda muke kira efidural. Ana zuba maganin kashe zafi a wani ɗan gurbi tsakanin ƙashin baya na ƙarshe da ƙashin ƙugu, sai rabin jiki na baya ya mutu na ɗan lokaci, dabba tana numfashinta lafiya lau. A makaranta sau biyu na taɓa yi, malami na tsaye a kaina.

Muka ɗaura masa ruwa, muka ba shi ɗan abin da zai kwantar da shi, muka kifa shi a tebur. Na aske wurin da reza, na goge da aidin, na laluba da yatsa, na soka allura. Ƙas! Ta ci karo da ƙashi. Na sake, ta sake cijewa. Ta uku har lanƙwashewa ta yi. Wallahi gumi har cikin takalmina.

Sai na ji Baba Nomau ya yi dariya. "Ɗana, kak ka wahal da kanka. Ƙarhe ba ya shigatai. Tun yana ɗan kwikwiyo na ba shi tauri."

Na buɗe baki zan ce haure dai ya shige shi, Malam Sani ya taka mini ƙafa. Ya ce, "To Baba, ai sai ka kwance mana shi mu yi aiki."

Tsohon bai so ba. Ba ƙaramin abu ba ne mafarauci ya warware maganin karensa a gaban baƙi. Daga baya ya ce mu juya baya. Muna jin shi yana yi wa karen raɗa a kunne yana tofi. Nan ne Malam Sani ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Dakta, ba ka jawo ƙafafun baya zuwa gaba ba. Zaunar da shi kamar kwaɗo, gurbin zai buɗe."

Kunya kamar in nutse. Da tsohon ya ce an gama, Malam Sani ya jawo ƙafafun zuwa gaba, na ɗauki sabuwar allura, na ɗiga ruwa a bakinta na waje, inda sirinji ke shiga. Ina turawa na ji ta faɗa, ɗigon ya zuƙe ciki, alamar an isa wurin ke nan. Baba Nomau ya buga cinya ya ce, "Kun gani ko!" Na ce mun gani, Baba.

Na wanke raunin na ɗinke tsaf, Duna ko motsi. Ina wanke hannu ina jin kaina babban likita, sai na ji salati a bayana. Karen ya farka ya ga ubangidansa, ya yunƙura da ƙafafun gaba, na baya suka biyo shi kamar tsumma. Tsohon ya zube ƙasa ya cire hula. "Ni na kashe shi. Na kwance mai magani, ga shi ya shanye."

Laifina ne. Na shagala da allura ban gaya masa ƙafafun za su mutu na sa'a ɗaya zuwa biyu ba. Na durƙusa na yi bayani har bakina ya bushe, bai ko dube ni ba. Na ce, "Baba, ka ba ni zuwa azahar." Muka zauna mu uku a kan benci muna kallon bayan kare kamar masu jiran fitowar wata.

Ana gab da kiran salla wutsiya ta motsa. Can ya janyo ƙafar hagu. Sai ga Duna tsaye yana tangaɗi, ya tako har gaban tsohon ya sa kai a cinyarsa. Baba Nomau ya rasa abin yi, dariya da hawaye suka haɗe masa. Ni kuwa har rawa na taka, da farar rigata. Da ya natsu sai ya kama ƙugunsa ya ce, "Likita, wagga allura ana yi ma mutum? Nawa ya daɗe yana damuna." Malam Sani ya yi dariya har ya riƙe bango.

Bayan kwana goma sha biyu na je Badarawa cire zare, sai da muka zagaya gidan sau uku kafin mu kama Duna.

Saboda haka ne kuke ganin ina zaunar da mai dabba kafin in taɓa sirinji, ina gaya masa duk abin da idonsa zai gani, har ku ce surutuna ya yi yawa. Kare na kashe wa zafi a ranar, amma tsohon nan sa'a biyu ya yi yana jin nasa, kuma magana ɗaya daga bakina da ta isa.