Madannai Biyu Don Hannun Daman Dada

Godiya ta tabbata ga Allah a kowane hali. Daminar da Dada, mahaifiyata, ta tashi daga ciwon shanyewar ɓarin jiki, ƙafarta ta dawo, magana ma ta dawo, amma yatsun hannunta na dama suka ƙi buɗewa. Sun naɗe kamar tana damƙe da wani abu, kuma ba sa daina rawa.

A ɗakinta, can gidanmu na Lamorde, akwai tsohuwar amfilifaya da sifika guda, da memori mai karatun Alƙur'ani. Da hantsi take saurare. Abin rage murya wani ɗan kan roba ne da ake murɗawa da yatsu biyu. Ɗakin Dada kuwa ba ya rabuwa da masu sallama, daga maƙwabta har masu tallan nono, ga kuma 'yan dubiya. A wurinta ba a hira a kan karatu, ba a kuma barin sallama ba a amsa ba. Da can sai ta rage, ta amsa, baƙo ya tafi ta ƙara. Yanzu yatsun ba sa iya kama komai.

Na ce, “Dada, ki murɗa da hagu mana. Larura ce, Allah ya sani.”

Ta ce, “Hannun da nake tsarki da shi zan miƙa wa Alƙur'ani?”

“Ba Alƙur'anin za ki taɓa ba, roba ce kawai.”

“To, riƙe robarka.”

Na kawo mata abin da na sani na sauƙin da addini ya yi wa marar lafiya. Ta saurara har na gama, sannan ta ce ni na yi karatu, ita kuma haka aka raine ta. Daga nan ta hana a kunna. Ɗakin ya yi tsit. Sai ta wuni tana kallon bango, abinci ya koma yadda aka kawo shi. Wannan shirun ya fi ciwon ba ni tsoro.

A ƙuruciyata na yi gyaran rediyo, kafin ido ya raunana in koma gona. Wata rana na ga ta ture kofi da gaɓar yatsa, sai na ce a raina, wanda ba ya iya murɗawa ai yana iya dannawa. Na nufi kasuwa wurin wani tsohon abokina Babarbare mai sayar da kayan gyara.

“Ɗan Fulani, yau kuma me ka ƙona?”

“Bawa, tashi ka ba ubangidanka kujera tukuna.”

“Ubangidan da ba ya ganin ramin allura? Je ka nemi shanunka.”

Da na ambaci Dada sai ya bar wasa. Ya tona wani gwangwani ya fito da ɗan baƙin abu mai ƙafa takwas, bai kai farcen babban yatsa ba, wanda masu gyara ke kira ayisi. Ya haɗa min da madannai biyu, ɗaya na ƙarawa, ɗaya na ragewa, ya nuna min inda kowace ƙafa za ta je. Na zana a bayan kwali.

A bakin zaure nake aikin bayan la'asar, saboda haske. Na cire tsohon abin murɗawar, na ja wayoyinsa uku zuwa ɗan allon da na dasa ayisin a kai. In an ɗauke wuta sai in gasa ƙarfen liƙi a gawayi, kuma a haka zafi ya yi yawa na kashe ayisin farko. Na koma kasuwa na sha dariya, na karɓo wani. Hayaƙin dalma yana sa idona ruwa, ƙafafun nan kuma sun matsu da juna, in na liƙa ɗaya sai dalmar ta tsallaka kan ta kusa. Bayana ya ƙage. Gyaɗata a gonar Kwaja ciyawa tana ci, na sani, ban je ba.

Ranar da ya yi aiki, na danna, murya ta hau kaɗan, na sake, ta ƙara hawa. Na kai wa Dada. Ta ɗora gaɓar yatsa, sai rawar hannun ta buga madannin sau da yawa a take. Karatu ya tashi da ƙarar da ta watsa kajin tsakar gida. Ta janye hannu kamar ta taɓa garwashi.

“Innalillahi! Kashe! Ka sa na yi wa littafin Allah tsawa.”

Na kwashe kayana na ɗora a kan katanga ƙarƙashin rumfa. Sun daɗe a nan. In na wuce sai in kau da kai.

Abin da ya maido ni, matata ce ta ce Dada ta fara tambayarta wace sura ce ke bin wace, ita da ba ta taɓa ruɗewa ba. Na sauko da allon. Na ƙara masa kafasita da ɗan resista, don ya riƙa jinkirtawa kaɗan, ya ɗauki rawar hannu a matsayin dannawa ɗaya. Na yanko ɓallen ƙwarya biyu na manna a kan madannan, na ragewar ya fi faɗi. Na yi ta gwadawa ina karkaɗa hannuna da gangan.

Wannan karon ban ce mata komai ba. Na kunna a hankali, na ajiye akwatin amfilifayar a gefen tabarmarta, na fita na zauna a bayan labule. An jima ba abin da ya canza. Can na ji murya ta hau taki ɗaya, ta tsaya. Ta sake hawa. Sannan ta sauka, ta sauka, ta dawo inda kunnenta ke so.

Ta rage sosai, ta kira ni.

“Matso min da shi dama kaɗan, kafaɗata tana ciwo.”

Na matsar. Ta ce, “To, je ka, ka tsare min iska.”

Na fito na jingina da bango, na miƙe ƙafafu. Ban iya tashi ba sai da aka kira azahar.