Yadda Nata'ala Ya Koma Kushe Motarsa

Ƙanena Nata'ala bai iya ribas ba, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. In ya shiga lungu sai ya leƙo ta taga ya ce, "Jama'a, a turo ni baya." A tura shi, ya yi godiya, ya wuce.

Da ya bar koyarwa a firamare ya sayo wata mota a Kano, tsohuwa ƙirar Amurka, doguwa mai faɗi. Tun lokacin ta ci hanya ta ƙoshi. Na ce masa ba za ta ga damina biyu ba. Ta ga goma sha huɗu. Ƙauyenmu yana bayan Miga, kuma duk matar da naƙuda ta yi wa gardama, motar nan ce ke kai ta asibiti a Dutse. Tana shan mai, gilashi ɗaya ba ya sauka, amma ban taɓa jin ta tsaya da mai ciki a hanya ba.

Babban ɗansa Misbahu kullum cewa yake, "Baba, gwangwani ce, a sayar wa masu ƙarfe." Uban ya ce ko sabuwa ba ta kama ƙafarta ba.

Bara ciwon suga ya taɓa masa ido, ya ajiye tuƙi. Ya je wurin limaminmu, Malam Talha, ya ce zai yi wasiyya: bayan ransa motar ta zama ta gari, saboda masu haihuwa. Malam ya ce wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya sai magada sun yarda. Nata'ala kuwa gidan ƙasa gare shi, da 'yar gona, da awaki. In motar mai daraja ce, ta haura sulusi. In gwangwani ce, wasiyya ta zauna.

Daga ranar na daina gane kan gidan. Ina zaune sai na ji Nata'ala yana cewa, "Yaya, ai motar nan ta mutu tuni, rufin asiri ne kawai."

Misbahu ya ce, "Haba Baba, motar da ko tari ba ta yi?"

Na ce, "Kai, ba kai ne mai gwangwani ba?"

Ya ce, "Gwaggo, da ban duba da kyau ba ne."

Aka ɗauko Lado makaniki daga Dutse ya raba gardama. Ya buɗe gaban motar, ya saurara, ya ce, "Injin nan sai ya binne mu duka."

Misbahu ya washe baki.

Malam ya ce, "To, mai daraja ce ke nan?"

Lado ya ce, "Allah gafarta Malam, ba mai saye. Kayan gyaranta sai an yi wata ana cigiya."

Nata'ala ya washe baki. Malam ya ce zai sake dubawa. Suka juyo gare ni wai ni ce babba. Na ce ban san ko lafiyayya ce ko matacciya ba, na dai san tana tashi.

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko masallaci, Nata'ala ya tara 'ya'yansa shida a zaure. Ya ce, "Ƙarya na yi, lafiyarta ƙalau, kuma ban san ko ta wuce sulusi ba. Roƙonku nake, ku yafe rabonku a cikinta. Ku rataye mukullin a zauren Malam. Duk wanda zai ɗauka, ya duba baƙin mai kafin ya tayar."