Mai Rabo Ya Fito Daga Ruwa

Kullum da sassafe za ka same shi a mararraba, inda babbar hanyar ruwan noman rani ta rabu biyu, wando a naɗe, shebur a hannu. Manoma na kiransa Mai Rabo. Ruwa ba ya raba kansa daidai. Hanyar da ta miƙe ke kwashe mafi yawa, wadda ta karkata kuwa sai laka da shara su taru a bakinta. Shi zai shiga ya kwashe lakar, ya ɗaga katakon tare ruwa nan, ya sauke can, har kowane ɓangare ya samu nasa.

Shekarar da ruwa ya ja baya, aka koma bayarwa bi da bi. Gonar ƙaninsa na kan karkatacciyar hanyar, tumatirinsa ya fara yaushi, ga shi ba ranarsu ba ce. Ƙanin ya zo ya tsuguna a bakin ruwa.

"Yaya, ɗaga mini katakon nan ko na ɗan lokaci. Wa zai sani?"

"Na can ƙarshe za su sani, in nasu ya yanke," in ji Mai Rabo. "Yi haƙuri zuwa ranarku."

Matan da ke wanki a gefe sun ce ya ɗora hannu a kan katakon, amma bai ɗaga ba. Kafin ranar ta zo tumatirin ya ƙone. Ƙanin ya sayar da gonar, ya bar garin. Ko da mahaifiyarsu ta rasu, gaisuwar baƙo ya yi wa yayansa, ya wuce.

Bana sanyin ruwa ya gama cin gwiwoyin Mai Rabo, idanu ma sun dushe. Ya ajiye aiki ba taro ba sallama. Yana zaune a ƙofar gida, duk manomin da ya gifta sai ya tambaye shi, "Ruwa ya kai ƙarshe yau?" Yawanci kau da kai ake yi a wuce shi, don tuni aka fara ba hammata iska kan ruwa a mararraba.

Baba Mai Rabo, kai ne ka rasa ɗan'uwa don gonakinmu su sha, mu kuwa muka girbe ko sannu ba mu ce maka ba. Mun gode, Allah Ya saka maka, Ya sanyaya zuciyar ƙaninka.

Ku masu sauran ƙarfi, ku shiga ruwan ku riƙe amana yadda ya riƙe. Kuma ku je ku gaishe shi tun yana gane muryoyinku.