Ranar da Aka Hana Wane Shiga Aji

Har gobe ban manta da ranar da na yi darasi mafi muni a rayuwata, aka kuma yaba mini a kansa ba. A tsakiyar shekarun tamanin ne, ina koyar da lissafi a wata sakandaren je-ka-ka-dawo kusa da Unguwar Sanusi. Shekara biyar ina maƙale a matakin albashi na takwas, kuma a lokacin ƙarin girma ba ya zuwa sai sufeto ya zauna a ajinka ya rubuta rahoto.

Aljabara ta gagari 'yan aji biyu, sai na raba su biyar-biyar, kowane rukuni da tambayarsa. Abin ya yi aiki, amma da Hausa. Wata yarinya Ladi, 'yar wani ma'aikacin masaƙa, ita ta raɗa wa x suna Wane. Sai ka ji tana ce wa 'yan rukuninta, "Wane ɓuya ya yi. Ku tsallakar da waɗanda suka kewaye shi, za ku gan shi." Hayaniya kamar kasuwa, amma amsa tana fitowa.

Sai aka ce sufeto na tafe, wani da ya je kwas Ingila ya dawo ba shi da zance sai na aikin rukuni. Shugaban makarantarmu, wanda ko ƙarar motar sufeto ba ya son ji, ya kira ni ofis.

"Malam Bala, gobe ba na son jin banakula. Wanda ya yi Hausa zai yi yankan ciyawa har a tashi."

"Ranka ya daɗe, ai da Hausar suke ganewa."

"Matakinka ne, sai ka zaɓa."

Na zaɓa, na hana Hausa a ajin, kuma har yau ina jin kunyar zaɓin. Minti arba'in yara na zaune a da'ira suna kallon juna. Sau biyu Ladi ta buɗe baki ta rufe. Ko tambaya ɗaya ba a warware ba. Shi kuwa gwanin sufeton yana zagayawa, hannu a baya, yana gyaɗa kai, bai leƙa littafin kowa ba. A bakin ƙofa ya ce wa shugaba, "Ka ga tarbiyya! Ko a can ban ga rukuni mai natsuwa haka ba."

Motarsa na fita, Ladi ta ɗaga hannu.

"Malam, yanzu Wane zai iya dawowa?"

Na ce ya dawo. Kafin a buga ƙararrawa sun gama tambayoyin duka.

Bayan wata biyu takardata ta ƙarin girma ta iso. Ku da kuka shigo aikin yanzu, ku sani akwai masu duba malami da jerin kujeru kawai suke iya karantawa. Darussan da yaran suka gane ba wanda ya rubuta su a rahoto. Mataki na tara kuwa, shirun da na sa su ne ya ba ni shi.