Gonar Ɓata a Hanyar Giade

Shekarar da wayar salula ta fara shiga hannun mutane a Azare, a shekarar ne maigidana ya tsunduma noman masara. Malam nake ce masa, don ya daɗe yana koyarwa a firamare kafin ya ajiye alli ya koma gona. Gonar gadon mahaifinsa ce, tana kan hanyar Giade, a wani kwari da ruwa ke kwanciya. Mu a ƙasar Katagum gero da dawa muka sani, sai wake da gyaɗa. Masara kuwa a bayan ɗaki ake shuka ta, 'yar wadda za a gasa wa yara. Shi sai ya cika kwarin nan kaf da ita.

Masara ta yi kyau, amma babu wanda ya san da ita. Matan da ke gasawa a bakin tasha suna zaune suna jiran motar da ke kawo musu daga nesa, tamu kuma tana bushewa a jikin kara. Malam ya je har wurinsu ya yi musu bayani, suka ce to, za su zo. Ba su zo ba.

A damina ta biyu, masara tana kamar gwiwa, maruƙan maƙwabcinmu suka kwance suka shiga gonar. Maƙwabcin nan wani dattijon Bafulatani ne, rugarsa tana bayan kwarin, Baffa muke kiransa. Maruƙan suka yi ta zagaye, suka tattake shuka, suka bar hanya a murɗe kamar igiyar guga. Baffa ya zo da ƙwaryar kindirmo yana ba da haƙuri. Malam ya karɓi kindirmon, ya ce magana ta wuce.

Masara ta tashi ta wuce tsayin mutum, hanyar maruƙa tana nan a ciki. Wata rana na kai wa Malam abinci, na ce bari in yanke ta nan. Na bi, na bi, sai ga ni inda na faro. Na juya, na sake bi, hanya ta ƙare a gabana. Ga kwano a kaina, ganye yana ta kartar fuskata.

"Malam!" na ƙwala masa kira.

"Kina ina?"

"Ina cikin masara!"

"To ai ni ma a cikin masarar nake!"

Da ya gano ni, dariya ya yi har sai da ya zauna a kan kunya. Yana cin tuwo yana kallon hanyar nan, can ya ce, "Ke da kika san gonar nan kin ɓata. To 'yan gari fa?"

Ban gane inda ya dosa ba sai da wata daminar ta zagayo. Ya shuka masara a cunkushe, da ta kai gwiwa ya ɗauki fartanya ya shiga tuge ta da kansa, yana fitar da hanyoyi. Wata ta lanƙwasa ta dawo, wata ta rabu biyu, wata ta tafi kamar da gaske sannan ta mutu. Guda ce kawai ke kaiwa gindin tsamiyar da ke tsakiyar gonar. Abin da ya tuge, Baffa ya kwashe wa dabbobinsa.

Surukata, Hajiya, ba ta ji daɗin abin ba ko kaɗan. Tana zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa ta ce masa, "Kai yanzu da girmanka, ka shuka da hannunka ka tuge da hannunka? Me mutane za su ce?"

"Su ce komai, Hajiya, in dai za su zo su gani."

Da masara ta yi goyo, Malam ya sa mai shela ya zagaya kasuwa ran Lahadi: ga gona a hanyar Giade, shiga kyauta, duk wanda ya iya kai kansa gindin tsamiya yana da gasasshiyar masara. Mata da yara da hantsi, maza bayan la'asar. 'Yan acaɓa suka ɗauki zancen suka yaɗa shi lungu lungu, su ne ma suka raɗa mata Gonar Ɓata.

Ni ce mai gashi. Na kafa murhun gawayi a gindin tsamiya, na ɓare masara na jera, ina fifita. Daga inda nake ba na ganin kowa, sai dai in ji ganye yana motsi, in ji ihu da dariya ta kowace kusurwa. Ƙamshin gashi yana kai musu, tsamiya ga ta suna hango kanta, amma hanya ta ƙi. Yara ne suka fara ɓullowa, gumi sharkaf, suna tsalle. Manya kuwa sun sha wuya.

Ba na mantawa da wani Alhaji, babban ɗan kasuwar hatsi, da ya zo da mota da babbar riga mai aiki. A bakin gona ya ce wa Malam wannan ai wasan yara ne, shi yanzu zai shiga ya fito. Aka jira shi, shiru. Can sai wani da ya hau tsamiya ya ce ga hannun Alhaji. Hannun kawai ake gani a saman masara, riƙe da waya, yana yawo da ita yana neman sabis don ya kira direbansa. Shi kuwa direban ya riga ya bi shi ciki, ya ɓata a wani ɓangaren. Daga ƙarshe Alhaji ya iso wurina, rigar a naɗe a kafaɗa, hula a karkace. Ya zauna a kan tabarma, ya cinye masara. Sannan ya duba totuwar ya ce, "Wannan irin a nan ƙasar aka noma shi?" Kafin ya tafi sai da suka keɓe da Malam suka daɗe suna magana.

Hajiya ta yi kwanaki tana jin labari a bakin maƙwabta. Ranar wata Asabar sai ta ɗauki mayafi, ta gayyato ƙawayenta tsofaffi, wai za su je su ga shirmen ɗanta. Suka shiga da hantsi. Rana ta take, ba su iso gindin tsamiya ba, ba su kuma koma baya ba. Hankalina ya tashi, na bar murhu na bi sawu. Na same su a ƙarshen wata matacciyar hanya, sun shimfiɗa mayafai a inuwar masara, sun miƙe ƙafa suna hira, kowacce da tulin lalo da ta tsinka a gefen kunya.

"Hajiya, kun ɓata ne?"

"Wa ya ɓata? Mun samu wuri mai sanyi ne. Je ki kawo mana masarar nan."

Kafin damina ta fita, matan tasha sun fara zuwa da asuba da kwanduna. Malaman firamare suka riƙa kawo ɗalibai, manoma daga Dambam da Hardawa suka zo neman iri. Mun yi shekaru muna yi, kowace damina Malam ya sauya hanyoyin, har sai da ciwon gwiwa ya hana shi sunkuyo.

Kwanan baya a wani gidan suna, wata matashiya mai goyo ta tsaya tana ƙare mini kallo, sannan ta durƙusa ta gaishe ni.

"Mama, ba ke ce mai gashin masara a gindin tsamiya ba? Muna aji uku aka kai mu. Na ɓata, na yi ta kuka, kika ba ni guda biyu."

Ban tuna ta ba, masu kukan suna da yawa. Na karɓi jaririn na riƙe mata, ta je ta zubo mana abinci.