Kada Ku Sare Kan Itacen Dachung

Yau Lahadi, 18 ga Mayu, 2025. Na tashi ƙafafuna a kumbure, numfashi ma da ƙyar, shi ya sa ban je sujada ba. Wanda zai buga wannan a na'ura ya yi haƙuri da rubutun. Katung, shugaban ƙungiyarmu ta 'yan Kaduna da Filato mazauna nan ƙasar waje, ya ce kowane dattijo ya rubuta 'yan layuka don littafin jana'iza, kuma a taƙaita. Ni ba zan taƙaita ba.

Dachung Gyang, ranar Alhamis, 8 ga watan nan, da hantsi, 'yarka Chundung ta kira ni ta ce ka tafi. Zuciya ce ta tsaya, kana zaune a bakin ƙofar gidanka na Gaithersburg kana ɗaure takalmin aiki. Na girme ka nesa ba kusa ba. Ni ne mai tulin magunguna a kan tebur, kai ya kamata ka zauna kana rubuta mini wannan. Ka bar mini aikin da ba nawa ba.

Bayan rasuwar matata Constance, da ɗana ya bi aiki ya koma wata jiha mai nisa, mutane sun yi ta zuwa wata guda, daga nan ƙafa ta ɗauke. Kai ne ba ka daina ba. Kowace Asabar sai ka hawo benen tsofaffin nan na Wheaton inda nake zaune, ka sa ni a mota, ka kai ni gidanka in ci gwaten acca na matarka Dorkas. Da na kasa sunkuyawa, kai ka riƙa yanke mini farcen ƙafa. Mutum mai furfura, wanda ya shugabanci ɗakin gwajin jini na asibiti guda, ya durƙusa a gabana da tawul a cinya. Ba ka taɓa gaya wa kowa ba. Ni na faɗa yau, don masu karatu su san wa suka rasa.

In mun ci abinci, sai ka fitar da kujeru biyu gindin itacenka. Masu zuwa gidan suna ganinsa, amma kaɗan ne suka san wahalar da aka sha a kansa. Fayin ne, wanda Turawa ke kira pine, irin mai laushin ganye, siraran ganye kamar allura, biyar-biyar a ɗaure. Ɗan ƙasar nan ne, kana yawan cewa irinsa yana nan tun kafin Bature ya zo. In sanyi ya shiga duk itatuwan layin suka tsaya tsirara, shi kaɗai ke zama kore shar a cikin ƙanƙara. Ka ce ƙamshinsa yana tuna maka hanyar Vom bayan an ɗauke ruwa.

Na sha tsokanarka a kansa. Na ce, "Dachung, itacen da ba a cin 'ya'yansa, ba a miya da ganyensa, ko asuwaki ba ya yi, me ka gani?"

Ka ce, "Malam, ku mutanen Kagoro abin da ba ya shiga tukunya ba ku san darajarsa ba. Zauna ka sha inuwa kyauta."

Wannan shi ne na uku da ka dasa. Biyun farko ka kashe su da ƙauna irin ta gida. Ka zuba musu kashin kaji, ka barbaɗa toka, ka shayar da su safe da yamma, ka share gindinsu tas kamar tsakar gidan amarya. Suka yi ja suka bushe. Wani zai ce ƙasar ce ba ta da kyau. Kai ka je ka tambaya, ka karanta, ka dawo ka ce mini, "Ashe ni ne baƙo, ba shi ba." Na ukun ka samo shi bai fi tsintsiya tsawo ba. Ka hana shi toka. Ka bar ganyen da yake zubarwa ya taru a gindinsa, ka ce shi ne bargonsa, shi ne abincinsa. Ka kewaye shi da waya saboda barewa. Lokacin da motocin hukuma ke watsa gishiri a titi don ƙanƙara, ka kafa masa shingen buhu kada gishirin ya ƙone shi, yatsunka suna ƙagewa da sanyi. In bazara ta yi, sabon tofo ya miƙe a bakin rassa kamar kyandir, sai ka bi su kana karya rabi da yatsa, ba ka yarda almakashi ya taɓa su. Shekarar da tsutsa ta shiga kansa ta busar da kan tun yana ƙarami, Dorkas ta ce ko abinci ba ka ci da kyau. Ka ɗaga wani ɗanyen reshe ka ɗaure shi da sanda har ya zama sabon kai. Yau itacen ya wuce rufin gidanka.

To, Dachung, ga abin da aka yi maka tun ba a binne ka ba.

Ranar Laraba aka kai ni gaisuwa. Tun daga kan kwana na ga sararin sama a inda ban saba ganinsa ba. An sare rassan ɓangaren gida gaba ɗaya, tun daga ƙasa har inda tsani ya kai, don a kafa rumfar zaman makoki. An tara su a bakin titi kamar shara. Ƙaro yana tsiyaya daga kowane rauni, yana bin jikin itacen. Mata sun share gindinsa ƙal, sun ɗure ganyen shekara da shekaru a baƙar leda. Masu gashin nama kuma sun juye tokarsu a nan, wai taki.

Na tsaya da sandata na ce a kira mini Katung. Ya zo da fara'arsa.

"Baba Yashim, sannu da zuwa. Ka ga mun gyara wuri?"

Na ce, "Wa ya sa ku?"

"Haba Baba, ai itace ne. In ruwa ya sauka zai sake tofo, ya ma fi da kyau. Ranar Litinin zan zo da zarto mu rage masa kai, ya daidaita kafin baƙin New York su iso."

Na ce, "Katung, wannan ba dogonyaron makarantar firamare ba ne da ake yi wa aski kowace shekara. Reshen da ka sare ya tafi ke nan. In ka sare kansa, ka kashe shi."

Ya dafa kafaɗata, ya juya ya ce, "Ku kawo wa Baba kujera, rana ta dame shi."

Rana ba ta dame ni ba, Katung. Kai ɗan garinmu ne, na san mahaifinka, saboda haka kunyar tawa ce. Shekara nawa kana zuwa gidan nan cin Kirsimeti, ba ka taɓa tambayar mai gida abin da yake yi a durƙushe a gindin itacen nan ba? Mun baro gida tun tuni, muna da takardun ƙasar, 'ya'yanmu likitoci ne, amma har yau kowane itace a wurinmu dogonyaro ne. Kuma ba mugunta ba ce, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Kun yi ne don ku girmama shi. Kun tashi da sassafe, kun yi gumi, kun lalata abin da ya fi so, kuna rera waƙoƙin sujada.

Ɓangare guda ya riga ya tafi, ba mai dawo da shi. Amma kan yana nan, tofon bana yana nan a samansa. In an bar shi, aka kwashe tokar, aka zazzage ledojin nan aka mayar masa da ganyensa, zai rayu, ko da a karkace. Ban kai wa Dorkas maganar ba, abin da ke kanta ya ishe ta. Chundung na kira. Ta amsa mini da Turanci kamar yadda suke yi, muryarta a gajiye, ta ce za ta zo yau bayan sujada ta ji. 'Yata, gidan ubanki ne. Kalma ɗaya daga bakinki ta isa ta tsayar da zarton. A matsar da rumfar, baƙi su sha rana kaɗan, ba wanda zai mutu.

Dachung, abokina, ka gafarta mini da na cika takardarka da faɗa. Ka san halina. Ubangijin da ka bauta wa ba da surutu ba, ya karɓe ka da jinƙai, ya shafe kurakuranka, ya ba ka hutun da ba ka ba kanka ba a duniya. Dorkas, Allah ya riƙe ki, ya zama miki abokin zama a gidan da ya yi shiru. Chundung da ƙannenki, da dangi na Vom da Bukuru, Allah ya ta'azantar da ku, ya ba ku zuciya irin ta ubanku. Mu da muka rage, ya sa mu gama lafiya. Amin.

Yashim Bobai, Wheaton.

Ƙari: Rana ta faɗi. Chundung ba ta zo ba, wayarta kuma na'ura ce ke amsawa. Tun tsakar rana na matsa ƙafafun nan cikin takalmi don in ta ce mu tafi, kada in ɓata mata lokaci. Yanzu zan cire. Gobe Litinin.