Gidan da Malam Ya Tafi Nema

Wane gida Malam ya nufa a safiyar Asabar ɗin nan? Wata biyar ina tambaya, har na fita takaba ban samu amsa ba. Ni ban iya rubutu ba, maƙwabciyata ce ke rubuta mini, ko Allah zai sa wani ya karanta ya gane gidan.

Tun da Malam, mijina, ya rasu ba na iya zama wuri ɗaya. In na zauna sai Iya ta faɗo mini a rai, kakata ta wajen uba, a ƙauyenmu can gefen Buji. Lokacin sanyi, in an ci tuwo, takan hura wuta da karan dawa a tsakar gida, mu kewaye ta, tana ɓarar gyaɗa tana ba mu tatsuniya.

Akwai wadda ta fi maimaitawa. Wata tsohuwa ta tsinci ƙwan zabuwa a gona, ta sa wa kazarta ta ƙyanƙyashe. 'Yar zabuwar ta ƙi tafiya irin ta 'yan tsaki. Kaza ta yi gabas, ita ta yi yamma, sai kazar ta dinga sararta a ka. Tsohuwa ta ji tausayi, ta kife ta da kwando, tana watsa mata gero ta ƙasa. Daga nan labarin ba ya tsayawa wuri guda. Wata rana Iya ta ce shaho ya kwashe 'yan tsakin kaf, zabuwa kaɗai ta tsira. Wata rana ta ce da aka ɗaga kwandon, zabuwar ta yi ta zagaye daidai faɗinsa, har ta mutu ba ta san tana da fiffike ba.

"Iya, jiya ba haka kika ce ba!"

"Jiya na ƙoshi. Yau miyar uwarki ba gishiri. Matsa, uwar tambaya, kin tare mini wuta."

Shekarar da aka zo ɗaukar yara makarantar boko, Iya ta cusa ni cikin rumbu ta rufe. Na wuni a kan damin gero ina jin tana gaya wa mai unguwa na tafi wajen dangin uwata. Ba ta ƙara ba mu tatsuniyar zabuwa ba. Ga ni yau na haura saba'in, in an ce in sa hannu sai dai in dangwala yatsa.

Jikata Safiya shekararta bakwai. A hannunmu take tun rasuwar uwarta, ubanta yana aiki a kudu. Bahaguwa ce. Mun sa ta a wata firamaren Islamiyya nan Dutse, malaminsu ya ce ba za a rubuta aya da hagu a ajinsa ba. Kullum ta dawo bayan hannunta a kumbure. Sai ta daina magana, ta koma fitsarin kwance. Malam tsohon tela ne, ba mai faɗa ba, amma ya je ya ɗauko ta da kansa. Ya ce, "Alƙur'ani ni zan biya mata. Ai ba hannu ne ke haddacewa ba." Lissafi kuwa da tef ɗin awo ya koya mata. Ta auna ƙofa, ta auna ni, ta yi dariya.

Ya gwada makarantar gwamnati, tun daga bakin ƙofa ta hango bulala ta ƙanƙame ƙafarsa. Dangi suka taso: "Alhaji, so kake ta tashi ba addini?" Ni ma na tayar masa. Na ce, "Malam, ni don so aka ɓoye ni, ka ga yadda na ƙare." Ya ce shi ya sa bai zauna ba. Wani mai adaidaita sahu ya ba shi labarin wasu iyalai a garin nan da ba sa kai 'ya'yansu kowace makaranta. Suna haɗa su a gida ɗaya, uwar wannan ta koyar da karatu, uban wancan ya koyar da shuka ko gyaran rediyo, addini kuma kowa ya koya a gidansu. Ya yi makonni yana bin unguwanni. Ranar wata Juma'a ya shigo da fara'a ya ce an nuna masa gidan. Ina fushi, ban tambaye shi ko ina ne ba. Wayyo ni! Washegari a hanya ya yanke jiki ya faɗi, gawarsa aka kawo mini.

Yanzu uban Safiya ya bugo waya, ya ce in hutu ya ƙare ban samo gidan ba, za ta koma Islamiyyar da ta fito. Saura mako biyu. Na yi ta tare masu adaidaita da tambaya har sun san ni. In na dubi Safiya sai in gane Iya ba wasa take mana da hankali ba, ita ma ƙarshen tatsuniyar ne ba ta sani ba. Ban yarda a mayar da yarinyar nan wajen duka ba, ban kuma yarda ta tsufa a ɗakina irin tsufana ba.

Da Malam zai fita safiyar Asabar ɗin nan ya tsaya a bakin zaure yana gyara hula, ban ko ɗago kai ba. Ya ce, "Hajiya, ki yi mata kitso. In sun amince, gobe tare za mu je, har da ke."